Shagon ƙyallaye da gyaran keken ɗinki a layin teloli na Maradi: abin da na gani cikin shekara biyu

Ni ba tela ba ce, kuma ban taɓa karɓar kuɗin kowa da sunan ɗinki ba. Aikina koyarwa ne a wata makarantar firamare a nan Maradi, amma tun shekara huɗu da suka wuce, idan na gama gyaran takardun yara bayan sallar isha'i, nakan zauna gaban keken ɗinkin da mahaifiyata ta bar mini in riƙa harhaɗa ƙyallayen atamfa, ina mayar da su mayafin rufa na lokacin sanyi, da rigar matashin kai, da ƴan jakunkunan da ɗalibai suke zuba alli da biro. Mata da yawa sun ga waɗannan mayafai a ɗakina, sun tambaye ni inda nake samun ƙyallaye masu yawa haka da kuma wanda yake duba mini keke. Amsar tambayoyin biyu wuri ɗaya ce: wani ƙaramin shago da yake layin teloli kusa da babbar kasuwa, wanda nake zuwa shekara biyu ke nan ba tare da na sauya ba.

Shagon ba shi da allo a ƙofa, saboda haka da kayansa ake gane shi. A bakin ƙofa akwai kawunan kekuna baƙaƙe jere a kan wani dogon benci suna jiran gyara, a ciki kuma buhuna ne jingine da bango har kusan rufi. Mai shagon dattijo ne, tsohon tela da idonsa ya gaji da ɗinkin dare ya koma gyaran keke, kowa kuma Baba yake ce masa. Yana da yaro guda wanda yake zagaya teloli da yamma yana karɓo abin da almakashi ya bari, wato ragowar yankan riguna da zannuwa da ɗankwali. Abin da ya bambanta shagon da sauran masu tara tsumma shi ne ba a zuba ƙyallayen a buhu ɗaya a sayar wa masu cusa matashi ko masu goge hannu a gareji. Ana zama a ware su. Atamfa tana da buhunta, shadda da nata, yadin maza da nasa, sannan a cikin atamfar ma ana raba manyan da suka kai faɗin tafin hannu biyu da ƙananan da ba su wuce yatsu huɗu ba. Duk wadda ta taɓa zazzage buhun tsumma a tsakar gida ta ɓata yini guda tana tsintar abin da zai yi amfani ta san darajar wannan aiki.

Gyaran keke ne ya fara kai ni wurin. Kekena irin baƙin nan ne na ƙafa, mai igiyar fata, kuma a wancan lokaci ya fara tsallake ɗinki, yana tsinka zare, ƙafar ma ta yi nauyi har nakan ji gwiwata ta yi tsami kafin in haɗa ƙyallaye goma. Na cire kansa na ɗora a kan kabu-kabu na kai. Baba bai taɓa sukurdireba ba sai da ya juya ƴar tayar da take jikin kan keken da hannu sau uku ko huɗu yana saurare, sannan ya zame farantin da yake rufe ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, ya shafo wani abu mai danƙo da yatsa ya sansana. Ya dube ni ya ce, "Malama, wane mai kike sa masa?" Na ce masa idan man keke ya ƙare nakan ɗiga masa man gyaɗa, kamar yadda na ga ana yi a gidanmu. Ya ce, "Man gyaɗa na tukunya ne, ƴata. Idan ya kwana a jikin ƙarfe yakan daskare, ƙurar hunturu ta hau kansa, su zama ƙaro. Kekenki lafiyarsa lau, numfashi ne ya rasa." Ya wanke ko'ina da kananzir, ya ciro wani dunƙulen gashin yadi daga ƙarƙashin haƙoran da suke jan ɗinki, ya ɗiga farin man keke a kowace huda, ya rage tsawon igiyar da ta saki. Daga nan ya nuna mini cewa allurar da nake aiki da ita ta lanƙwashe kaɗan, kuma na juya ta ba daidai ba, domin a irin kekena gefen da yake a shafe dama yake fuskanta, zare kuma daga hagu yake shiga. Bai sayar mini da ko sukuru ɗaya ba a ranar, ban da allura. Kuɗin aikinsa kaɗai ya karɓa, alhali da ya ce mini ƙoshiya ta mutu sai an sa sabuwa, da na biya ban yi musu ba. Wannan ne ya sa na amince da shi, kuma har yau ban ga abin da ya rage amincewar ba a fannin gyara.

Ya kamata mai sha'awar wannan aiki ta san cewa baƙaƙen kekunan da suka cika shagunan telolinmu, ko Singer ne, wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851, ko Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, yawancinsu tsari ɗaya suke bi, shi ya sa allurarsu da kwarkwaronsu suke shiga juna, shi ya sa kuma shago ƙarami kamar wannan yake iya riƙe kayan gyaransu duka a akwati biyu. Ɗinki ɗaya suke yi, miƙaƙƙe, ba sa zigizag ba sa ado, kuma haɗin ƙyalle ba ya neman fiye da haka. Na taɓa tambayar Baba ko in sa wa kekena mota ya koma na lantarki. Ya ce zai sa mini idan ina so, amma a ganinsa mai haɗa ƙananan ƙyallaye ta fi bukatar keken da zai tsaya a daidai inda ƙafarta ta tsaya. Na ga gaskiyarsa a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wutar Maradi daga wajen Katsina take zuwa, kuma a watannin nan da fitila mai caji a gefe na gama mayafi guda cif, ƙafata tana aikinta.

Yanzu ga maganar ƙyallayen kansu, waɗanda su ne dalilin da ya sa nake komawa kusan kowane wata. Ana sayar da su ne a leda, kuma a zuwana na ƙarshe na biya jikka biyu, wato sefa 2000, na ledar manyan ƙyallayen atamfa, ta ƙanana kuwa ba ta kai rabin haka ba. Idan aka tuna cewa turmin atamfa yadi 6 ne, kusan mita biyar da rabi, kuma launi ɗaya da zane ɗaya ne daga farkonsa har ƙarshe, za a ga cewa mai son mayafi mai launi talatin ba ta da wata hanya da ta fi wannan, sai fa idan za ta sayi turmi talatin. A leda ɗaya nakan sami zane iri ashirin ko fiye. Wani lokaci har a ci karo da guntun atamfar Holan ta gaske, irin wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, ragowar ɗinkin wata amarya, kuma Baba ba ya ware irin waɗannan ya ƙara musu kuɗi. Yakan ce rabon mai leda ne.

Sai dai ba duk abin da ake kira atamfa ne auduga ba, kuma a nan ne mai saye take bukatar buɗe ido. Kasuwa ta cika da atamfa mai roba, wadda take da sheƙi da arha, amma ba ta shan gumi, ba ta kwanciya a ƙarƙashin dutsen guga, idan kuma dutsen gawayi ya yi zafi sosai sai ta yamutse ta manne. Idan aka haɗa ta da ta auduga a mayafi ɗaya, wankin farko zai tona asiri, domin auduga takan ɗan shige idan ta sha ruwa, roba kuwa tana nan yadda take, sai a ga mayafin ya tattare a wani wuri ya saki a wani. Baba ne ya koya mini gwajin da ba ya ƙarya. Ya zare ƴan zaruruwa daga bakin ƙyalle biyu, ya kunna ashana. Na farko ya ci wuta da sauri, ya yi ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi da ta watse da ya hura. Na biyu ya nannaɗe yana gudun wutar, ya narke ya bar wani baƙin ƙulli mai tauri kamar ƙwayar gero. Ya ce, "To kin gani, Malama. Mai toka ki kai gado, mai ƙulli ki yi jaka da shi." A ledojin da nake saye, abin da yake fitowa mai roba yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu a kiyasina, kuma wannan shi ne ƙorafina na farko: mutumin da ya san bambancin har haka, ya kamata ya raba buhun atamfar gida biyu, ko da zai ƙara wa ta auduga kuɗi. Na faɗa masa, ya ce yaron ne yake warewa kuma hannunsa bai gama ganewa ba tukuna.

Shadda ba na ba mai farawa shawarar ta taɓa ta. Tana da santsi saboda bugu da sitaci, tana zamewa a ƙarƙashin ƙarfen da yake danne ɗinki, kuma allura takan bar huda a jikinta idan aka farke. Yadin maza mai launi ɗaya kuwa yana da amfani ƙwarai, domin shi nake sawa tsakanin zanuka masu hayaniya don ido ya sami wurin hutawa, kuma wannan buhun ne mafi arha a shagon.

Hidimar da ta fi burge ni ƙarama ce, amma ita ta gyara mini aiki gaba ɗaya. Da can da kwalin sukari nake yin ma'aunin da nake ɗorawa a kan ƙyalle in zana da alli kafin in yanka, kuma kwali yakan cinye a gefe ba tare da mutum ya lura ba. Lissafin abin kuwa ba ya yafiya. Mayafin da nake yi wa babban mutum faɗinsa santimita 150 ne, tsawonsa 200. Idan kowane murabba'i zai fito santimita 10 bayan ɗinki, to sai an yanka shi 12, a bar santimita ɗaya a kowane gefe don cin ɗinki, kuma ana bukatar 15 a faɗi da 20 a tsawo, wato ƙyalle 300 ke nan. Idan ma'auni ya cinye da milimita biyu kacal a tsakiyar aiki, layi mai ƙyalle 20 zai gaza ɗan'uwansa da santimita 4, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, mayafin ya karkace kamar gonar da aka yi wa kunya da dare. Da na kai wa Baba wannan kuka, sai ya ɗauko guntun langa-langa, ya auna, ya yanka mini murabba'i mai 12 da mai 7 da kuma mai kusurwa uku, ya goge bakinsu da zarto don kada su yanke ni, ya huda kowanne a tsakiya ya zura musu igiya ɗaya. Sannan ya manna wani ɗan tef a kan farantin keken, santimita ɗaya daidai daga allura, ya ce bakin ƙyalle ya riƙa bin gefensa. Tun daga ranar kusurwoyina suke haɗuwa huɗu-huɗu, kuma abin da ya karɓa a kan ma'aunan uku bai kai kuɗin kabu-kabun da ya kai ni ba.

Inda shagon ya gaza sosai shi ne abin da ake sawa a tsakiya. Mayafin sanyi hawa uku ne: haɗaɗɗun ƙyallaye a sama, shafi a ƙasa, da abin ɗumi a tsakaninsu, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada su rabu. Abin da Baba yake da shi na tsakiya siririn soso ne irin wanda masu kujeru suke amfani da shi. Na gwada shi sau ɗaya, ban ji daɗinsa ba, domin yana sa mayafi ya yi tauri ya ƙi bin jiki, yana riƙe ruwa idan an wanke, kuma bayan shekara guda na ji ya fara marmashewa a ciki. Da na yi masa maganar, ya kawo zancen lifidi, wato rigar kariyar da ake sa wa doki da mahayinsa, wadda har yau ake ganin irinta a hawan salla na masarautun ƙasar Hausa. Ya ce masu lifidi audugar rimi suke cusawa, su bi ta da ɗinki layi-layi don kada ta taru wuri ɗaya, kuma sau da yawa saman lifidin ma ƙyallaye ne masu launi daban-daban aka haɗa. Na ji daɗin wannan magana, domin ta nuna mini cewa aikin da wasu suke ce mini na Turawa ne yana da tsohon tushe a wurinmu. Amma lifidi ba a wanke shi kowane wata, mayafin yara kuwa sai an wanke, audugar rimi kuma takan dunƙule idan ta jiƙa. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne tsohon bargo marar kauri, ko tsofaffin zannuwan auduga biyu a shimfiɗe, kuma waɗannan daga gida nake samo su ko daga masu gwanjo. Sanyin Disamba da Janairu na Maradi ba ya neman fiye da haka.

Akwai kuma ranar da raina ya ɓaci ƙwarai. Na sayi wasu jajayen ƙyallaye masu kyau don in zagaye wani mayafi mai farin tsakiya da nake yi wa jaririn ƙanwata, na tambayi yaron shagon ko suna zuba, ya ce ba sa zuba ko kaɗan. Ranar Baba ya tafi jana'iza. Saboda suna ya matso ban jiƙa su ba kamar yadda na saba, na ɗinka kai tsaye, kuma da na wanke mayafin kwana biyu kafin suna sai jan ya malala cikin farin, aikin mako uku ya koma ruwan hoda mai dabbare-dabbare. Na kai shagon na shimfiɗa a kan benci. Baba bai kare yaronsa ba, bai kuma ce laifina ba ne, ko da yake ni ma da nawa sakacin. Ya ba ni haƙuri, ya ce in zaɓi leda guda kyauta, ya kuma gaya wa yaron a gabana cewa idan bai sani ba ya ce bai sani ba. Leda ba ta mayar da mako uku, amma na ga mutunci a yadda ya karɓi maganar. Tun daga nan ko wa ya ba ni tabbaci, sai na jiƙa kowane ƙyalle a ruwan ɗumi, ja da shuɗi da baƙi kowanne a robarsa, in shanya, in goge, kafin almakashi ya taɓa shi. Rinanniyar shadda da duk abin da aka tsoma a baba sun fi kowa bukatar wannan.

Zare iri biyu yake sayarwa, kuma mai arhar ba shi da kirki: yana da gashi, yana tsinkewa, yana cika ƙoshiya da datti. Araha ba ta ado, kuma shi kansa Baba yakan faɗa wa mai saye haka, sai dai ban ga dalilin ajiye shi a shagon ba. Mai tsadar yana da ƙarfi, kuma launin toka nake saye domin yana ɓacewa a cikin kowace irin atamfa. Allura lamba 14 ta ishi haɗin ƙyalle, lamba 16 kuma ita ce ta bin hawa uku, duka biyun ba sa yankewa a wurinsa. Akwai zif da maɓallai da alli da tef na awo, almakashi kuma yana wasa shi da kyau. Kaya irin waɗannan yawancinsu daga Kano suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma lokacin da aka rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris na 2024 sun yi tsada a ko'ina cikin gari. Abin da na lura shi ne Baba ya riƙa gaya mini wanda tsohon kaya ne ya bar shi a tsohon kuɗinsa. Ba ya sayar da abin kare yatsa na ɗinkin hannu, amma shi ya tura ni wurin wani baduku a bayan layin, wanda ya ɗinka mini na fatar akuya daidai yatsana, kuma da shi nake bin mayafi da allurar hannu idan kaurinsa ya fi ƙarfin keke.

Wurin yana da ƙunci, kuma babu inda mace za ta zauna ta zaɓi kaya a natse, sai dai ta tsuguna a bakin ƙofa mutane suna wucewa ta bayanta. Tabarma ɗaya a ciki da ta magance wannan. Haka kuma kada wadda ɗinki yake abin sha'awa a gare ta ta kai keke gyara a goman ƙarshe na azumi ko ana saura mako biyu babbar salla, domin a lokacin teloli ne a gaba, kuma na taɓa barin kekena kwana goma sha ɗaya a kan aikin da aka ce mini na kwana biyu ne. Na fahimci cewa mai neman abinci da kekensa ya fi ni gaggawa, amma da an gaya mini gaskiyar kwanakin tun farko da na bar shi a gida sai bayan salla.

Makon da ya biyo bayan salla kuwa shi ne lokacin da ya fi kowane kyau ga mai neman ƙyalle, domin buhuna a cike suke da ragowar sababbin ɗinkuna, manya-manya, ba a riga an tsince su ba. Litinin da Juma'a ranakun cin kasuwa ne, layin yakan cushe, saboda haka na fi zuwa da safiyar Laraba ko Asabar, in tafi da ashana a jaka da ɗan farin ƙyalle mai ɗanshi na goga wa duk launin da nake shakka. Idan mutum ya gaya wa Baba launin da yake nema yakan tara masa a gefe ba tare da ya karɓi kuɗi tukuna ba. A yanzu shuɗi yake tara mini, mai duhu da mai haske, na mayafin da nake haɗa wa ƴata ta fari da za ta tare bayan kaka. Na yanka ƙyalle 212 cikin 300, kuma jiya yaron ya tsaya a ƙofar makarantarmu ya ce mini leda ta cika.